Yadda na samu kwanan ruwa a gidan Inna

Ranar da Abbanmu ya kira ni yace in fara haɗa kayana zan tafi karatu Damagaram, kuka nayi sosai. A 2022 ne, malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun watan Fabrairu, wata bakwai muna zaune a gida ba labarin komawa, ƙawayena biyu har an ɗaura musu aure a cikin zaman nan. Abba ɗan kasuwa ne a Kwari, yana da wani amini Badamagare da yake zuwa sarin atamfa da shadda wurinsa sama da shekara ashirin, shi ne yace masa ka bani yarinyar nan ta zo ta koyi Faransanci shekara guda, in ta iya sai ta shiga makarantar ungozoma, ga ɗakin 'yata nan su zauna tare. Abba a take ya amince. Umma ce ta ɗan ja, tace 'ya mace a ƙasar wasu, amma daga baya ta haƙura.

Ni a tunanina karatun ƙasar waje jirgi ake hawa. Sai gamu a mota, Kazaure, Daura, Kongolam, muka tsallaka Ɗan Barto, jandarma ya duba takarduna yayi min tambaya da Hausa tsaf, muka bi ta Matamai da Takeita, kafin la'asar sakaliya mun shiga Zinder. Ko tafiyar Abuja bata kai ba. Shi yasa na shigo da ganin ai duk ɗaya ne, Hausa ce, Musulunci ne, tuwo ne, me zan koya a gidan mutane da ban sani ba.

Gidan a Birni yake, tsohon gari, cikin lungunan nan da mota bata shiga, in ka fito kayi tafiya kaɗan kana ganin fadar Sarkin Damagaram, ga manyan duwatsu sun tsaya a tsakanin gidaje kamar an jera su. Gidan ƙasa ne mai zaure biyu, an yi wa wasu ɗakunan siminti. Mutanen gidan akwai Baba Alhaji da Inna, da Kaka mahaifiyar Baba, da babbar 'yarsu wadda nake ce wa Yaya don ta girme ni da shekara biyu, da samari biyu da ke kwana a shagon zaure, sai Auta ɗan shekara goma sha ɗaya. Inna ta rungume ni tun daga bakin ƙofa tace sannu da zuwa ɗiyata, kin zo lahiya, ya kika baro su Hajiya. Haka take kirana har yau, ɗiyata.

Sati biyun farko sarauta nayi. Langata daban, da nama a kai kullum. Da asuba Auta zai kai min bokiti biyu bayi, da yamma ma biyu, in na ɗauki tsintsiya Inna ta karɓe. Abu ɗaya ne ya dame ni, Yaya. Ɗaki ɗaya muke kwana amma daga ina kwana sai sai da safe, in na ja ta da hira ta amsa da kalma ɗaya ta juya baya. Na kira Umma ina kuka nace yarinyar nan bata sona, Umma tace ki yi haƙuri ki zuba ido, ba a gane gida a kwana goma.

Wani dare na farka wajen ƙarfe biyu da rabi naga gadon Yaya ba kowa, ina jin motsi a tsakar gida. Na leƙa. Wallahi duk gidan a tsaye suke banda Kaka. Inna da tocila a hannu, samarin suna jido jarkokin nan masu ruwan ɗorawa 'yan lita 25 da suke ce wa bido, an jera su tun daga bakin pampo har gindin bedi, Auta yana gyangyaɗi a zaune riƙe da tiyo, ruwan kuwa wani siriri yake zubowa kamar fitsarin yaro, bido ɗaya sai ya ci minti goma sha bai cika ba. Na tsaya ina ƙirga jarkokin, ina tuna bokiti huɗu da nake zubarwa kullum ni kaɗai, har da wanke ƙafa in na dawo daga makaranta. Jikina yayi sanyi. Yaya ta ɗago ta ganni tace je ki kwanta, ke baƙuwa ce. Ban koma ba, na je na karɓi tiyon a hannun Auta nace ya je ya kwanta, muka tsaya har aka yi kiran assalatu ruwan ya ɗauke.

Duk wanda ya zauna Zinder ya san maganar ruwa ba sabuwa bace. Garin a kan dutse yake, rijiya bata ba da abin kirki, ruwan da ake sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya ta kudu, da kuma Ganaram ta arewa, ga gari kullum ƙara faɗi yake. In bazara ta shigo, Maris, Afrilu, Mayu, sai pampo ya kwana uku huɗu bai ɗigo ba, in zai zo ma tsakar dare ne, in bai zo ba sai a nemi 'yan garuwa su kuma kuɗin bido ya hau. Duk wannan ana yi a gidan da nake ci nake kwana kuma babu wanda ya buɗe baki ya gaya min, don Baba ya ce kar a takura wa 'yar amininsa.

Da gari ya waye na samu Inna a madafa nace Inna don Allah ki sa ni cikin kwanan ruwa. Tace a'a, amana aka bani ke. Nace to in amana ce ai ba kwana biyu zan yi ba, shekaru zan yi, baƙo raɓa ne, ni kuwa ba tafiya zan yi da hantsi ba. Ta daɗe tana kallona, sannan tace to Litinin da Alhamis ke da Yayarki. Daga ranar bokitina ya koma ɗaya, langata ta koma cikin tiren kowa.

Sai koyon yadda ake tafiyar da ruwan, wannan kam ilimi ne da babu shi a kowane littafi. A gidan Inna ruwa baya mutuwa da aiki ɗaya. Wanda aka wanke shinkafa ko hatsi da shi na awaki ne. Na ɗaurayar kaya a wanke bayi da shi ko a yayyafa a tsakar gida kafin shara. Alwala a kan tasa ake yi, a juye a gindin zogale. Randar sha daban, ba mai tsoma moɗa da jiƙaƙƙen hannu. Rannan na wanke shinkafa na manta na watsar da ruwan a kwata, Inna ta gani, ta yi min faɗa mai zafi da ƙarfi a gaban kowa, irin wanda take yi wa Yaya, har da ke wace irin yarinya ce da bata ji. Na shiga ɗaki ina hawaye don tunda nazo ba a taɓa ɗaga min murya ba. Kaka ta aiko Auta ya kira ni, ta ba ni goro ɓari guda tace share hawayenki, ba a yi wa baƙo faɗa, yau kika shigo gidan nan. A daren Yaya ta fara yi min hira da kanta, har ta nuna min hoton wanda zata aura.

Maganar yare ma na sha mamaki. Hausa ɗaya muke yi amma rabin kalmomin yau da kullum na Faransanci ne da aka lanƙwasa. Makaranta lakwal, littafin rubutu kaye, wutar lantarki kuran, hutu bakansi, malamin boko kuma mushe, wanda a wurinmu sunan dabbar da ta mutu ba yanka ne, na daɗe bakina bai iya kiran malamina da shi ba. Gero kuwa hatsi ne kawai. Kuɗi ne ya fi wahalar da ni, don da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, in mai kabu-kabu yace dala arba'in to 200 yake nufi, jaka guda 1000. Sai da na yi wata ina ninkawa a zuci kafin in buɗe jaka. Lambar waya kuma bibbiyu ake karantowa da Faransanci, kuma su wajen ƙirga 80 huɗu sau ashirin ne, 90 huɗu sau ashirin da goma, in an karanto min lamba sai na rubuta shirme.

Wanda ya koya min Faransanci na gaskiya Auta ne, ba ajin da ake biya ba. Yana ajin ƙarshe na firamare lokacin, kullum bayan isha'i zai ɗauko littafin karatunsa ya yi min dikte, yana karantawa ina rubutawa, ya karɓa ya ja jan biro a ƙarƙashin kowane kuskure ya rubuta maki a sama da muhimmanci kamar babban mushe. Ranar farko kuskure talatin da wani abu a layi takwas. Bai yi dariya ba, yace Anti ki sake. Yaron nan ko yana jin barci sai ya yi min, ladansa alawa ko in goge masa kayan lakwal. Ranar da nayi dikte ba kuskure ko ɗaya da gudu ya kai wa Baba kayen a zaure.

Rayuwar gidan dai a tsare take. Da safe koko ko shayi da dogon burodin nan mai tauri, in fita ƙarfe bakwai da rabi. Da rana kowa ya dawo gida, fura ce ko shinkafa da wake, gari yayi tsit don zafi sai bayan la'asar. Dare tuwon hatsi miyar kuka ko kuɓewa, ran Juma'a dambu da zogale wanda har yanzu ban ci irin na Inna a ko'ina ba. Alhamis in ba lakca mu raka Inna Kasuwar Dole cefane. Baba mutum ne mai tsauri a kan magariba, in an kira sallah baka cikin gida sai ka yi bayani, kuma sau ɗaya ya karɓe wayata kwana biyu don ya ji ina hira ƙarfe sha biyun dare, raina ya ɓaci a lokacin amma abin da Abba zai yi kenan. Kaka kuwa abokiyar tsokanata ce, Bakanuwa take ce min. In ta so ja na sai ta ɗauko labarin Sarki Tanimun da ya zagaye Birni da ganuwa ya ƙera igwa, da Amadu Kuren Daga da ya kai yaƙi har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, tace da Nasara basu zo ba da yanzu haraji kuke kawo mana. A bakinta na fara jin cewa Zinder ce babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926.

Babbar Sallar 2023 ban je gida ba don ina da jarrabawa ƙarshen Yuli, kuma Inna tace sai kin ga layyarmu. Su ba soyawa suke fara yi ba, ragon gaba ɗaya ake buɗe shi a tsire a kan itace, maƙwabta su haɗa nasu a kewaye wuta guda babba a ƙofar gida, ya wuni yana gasuwa sai washegari a sauke a raba. Na ɗauki hoto na tura wa Umma, na ce mata sati huɗu ya rage in zo hutu.

Sai ranar Laraba 26 ga Yuli aka wayi gari da labarin sojoji sun tsare shugaban ƙasa a Yamai. Kwana huɗu bayan nan aka yi taron ƙasashen Afirka ta Yamma a Abuja, aka ce an rufe iyaka, an ba da wa'adin sati guda, ana maganar turo soja. Farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma mafi yawan wutar ƙasar daga can take zuwa. Ni ba 'yar siyasa bace, abin da na gani a tsakar gida shi zan faɗa. Inna tana da firiza biyu, ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya take ƙullawa yara su kai kasuwa, da shi take adashi da shi take ƙananan hidimomin gida, cikin sati guda sana'ar ta mutu. Shagon Baba kayan Kwari ne a ciki, kaya suka daina zuwa. Ruwa ya ƙara wuya don injin turo shi ma wuta yake so. Shinkafa ta hau, magani ya hau. Ni kuma ina zaune a cikinsu da koren fasfo, ƙasata ce ta kashe musu wuta kuma a rediyo ana cewa sojan ƙasata ne za su shigo.

Ban taɓa jin kunya da tsoro a haɗe irin na kwanakin nan ba. Abinci ma kasa ci nayi. Wata rana mun je ɗiban ruwa gidan maƙwabta ni da Yaya, wata mata da muke gaisawa kullum ta dube ni tace ku kun kashe mana kuran kuma kin zo kina shan ruwanmu. Ban iya cewa komai ba. Yaya ce ta ajiye bidonta tace wannan ƙanwata ce, a gidanmu take kwana, in kina da magana da Abuja ga hanya nan, kar ki ƙara. Muryarta har rawa take. Muka dawo gida bata gaya wa kowa ba, ni ma ban faɗa ba.

Abba ya kira Baba a WhatsApp, wayar ma sai an kai caji shagon mai sola. Akwai masu tsallakawa ta daji a babur, Abba yana tunanin ko a sako ni a ciki, Baba yace Alhaji ba zan ɗora 'yata a babur cikin daji da damina ba, abin da ya ci gidana shi zai ci ta, ka kwantar da hankalin Hajiya. Ina bayan ƙofar zaure ina jinsu. Da aka ce Sarkin Kano na 14 ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram don neman sulhu, Kaka ta sa aka kira ni tace kin ji ko Bakanuwa, sarakunanmu tare suka tahi, babu yaƙin da za a yi, zo ki ci tuwo. A ranar na ci na ƙoshi.

Oktoba ta zo lokacin shiga makarantar ungozoma, na ci jarrabawar Faransancin, ga kuɗin rajista. Abba ya turo ta hannun 'yan canji amma naira ta faɗi warwas, abin da ya iso bai fi rabin abin da ake nema ba, shi ma kasuwar tasa ta tsaya don yawancin masu sarinsa mutanen Nijar ne. Na yanke a raina zan haƙura da shekarar. Ana saura kwana uku a rufe Inna ta kira ni ɗakinta ta miƙo min kuɗi a ƙulle a leda tace Babanku yace ki je ki biya. Na biya, na yi ta yi wa Baba godiya yana cewa ba komai yana kawar da kai. Sai bayan wata biyu, muna tsaron pampo da dare, Yaya ta gaya min gaskiya. Ɗaukar adashin Inna ce, ta ƙarshe kafin sana'ar ta tsaya, wadda aka ware don gado da katifar auren Yaya. Inna ta tambaye ta, ita kuma tace a ba ni, aure ya jira. Aka ɗaga bikin daga Disamba. Yarinyar da na kira Umma ina kuka nace bata sona. Na rasa me zan ce mata, na riƙe hannunta kawai, tace ke dai ki kula bidon ya cika yana zuba.

Sai a watan Maris 2024 aka buɗe iyaka, muna cikin azumi. Na tafi gida ƙaramar Sallah bayan wata goma sha takwas rabona da Kano, Inna ta cika min jaka da kilishi da alkaki da busasshen zogale na Umma. Abin da na fara gaya wa Abba kenan tun ban cire hijabi ba, maganar adashin. Yayi shiru ya daɗe. Ya aika da kuɗin Baba ya dawo da su, ya sake aikawa ya sake dawowa da su, yace ba bashi ya bayar ba. A ƙarshe Umma ce ta san yadda tayi, da bikin Yaya ya zo bayan Babbar Sallah ta zo Zinder da kanta ita da ƙannenta biyu da mota ɗauke da gado da katifa da kwanuka, tace ita ma uwar amarya ce, wannan kam ba mai mayar mata da shi. Ranar ce farkon haɗuwarta da Inna ido da ido, suka rungume juna a zaure suna kuka kamar sun shekara da sanin juna. Umma ta kwana uku a ɗakinmu, a dare na biyu na farka na same ta a tsakar gida riƙe da tiyo.

Yanzu ina shekarar ƙarshe, muna zuwa asibiti koyon aiki, na karɓi haihuwa da hannuna fiye da sau goma ƙarƙashin kulawar manya, kuma in mace tana naƙuda Hausar Damagaram ce ke fita a bakina ba tare da na shirya ba. Kaka ta rasu bara da sanyi, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ni na zuba mata ruwa a baki a daren. Auta ya shiga kwaleji, yanzu ni ke duba masa lissafi. Yaya tana Sabon Gari gidan mijinta da ɗanta namiji, cikinta tun yana wata uku ni ke auna mata jini a gida.

Tunda ta tare kwanakinta na ruwa suka dawo kaina, Litinin da Alhamis da Asabar. Yau Alhamis, na jera bido goma sha huɗu tun bayan isha'i, na buɗe kan pampon na sa tasa a ƙasa don in ji ƙararsa in ya zo, Inna ta leƙo tace ɗiyata ki ɗan runtsa zan tashe ki, nace a'a Inna ki kwanta bayanki na ciwo. Ƙarfe ɗaya saura yanzu, bai zo ba tukuna.